Energy ko ...And Out Come the Wolves: wanne ya fi tasiri?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin faifan Energy na Operation Ivy da ...And Out Come the Wolves na Rancid, ƙungiyoyin Amurka biyu masu kiɗan punk (wani nau'in rock mai sauri da zafi), wanne ya fi barin tasiri, kuma da wanne za ka fara. Ka san dai ɗan juma ne da ɗan jummai. Tim Armstrong mai jita da Matt Freeman mai jitar bes su ne ginshiƙan ƙungiyoyin biyu, shekara shida ce kawai tsakanin fayafayen.

Operation Ivy ta kafu a Berkeley ta jihar Kalifoniya a 1987, kuma shekara biyu kacal ta yi. Energy ya fito a 1989 ƙarƙashin ƙaramin kamfanin Lookout!, a watan Mayun shekarar suka yi wasansu na ƙarshe a zauren 924 Gilman Street, kowa ya kama gabansa. Waƙa 19 ce, yawancinsu minti biyu ko ƙasa da haka. Sun ɗauko ska, kiɗan Jamaika da ya haifi rege, wanda ƙungiyar The Specials ta farfaɗo da shi a Ingila, suka ɗora shi a kan gudun hardcore, wato punk mai tsananin sauri. Jita tana ɗan sara tsakanin bugun ganga, bes yana gudu kamar an biyo shi, mawaƙinsu Jesse Michaels yana rerawa kamar mai gardama a kasuwa. Kusan babu kayan busa. Sautin ɗanye ne, ba a goge shi ba, ganga ma wani lokaci kamar ana dukan gwangwani. Ni wannan ɗanyantakar ce ta kama ni, amma na san mutane da dama da ta kora tun waƙar farko.

Wolves kuwa ya fito a 1995 a kamfanin Epitaph, shi ma waƙa 19, Jerry Finn ne ya tsara sautinsa. Nan komai ya nuna. Amshi mai shiga kai, jita biyu tun da Lars Frederiksen ya shigo Rancid, ska kuma ya ragu zuwa 'yan waƙoƙi irin su "Time Bomb". Tashar talabijin ta waƙoƙi MTV ta yi ta haska bidiyon "Time Bomb" da na "Ruby Soho", faifan ya kai matsayin filatinam a Amurka, wato kwafi miliyan ɗaya.

To a cinikin farko Wolves ya yi wa Energy fintinkau. Amma tasiri ka tambaya, kuma a nan ina tare da Energy. 'Yan ƙungiyar Green Day, waɗanda su ma 'yan Gilman ne, sun sake rera "Knowledge", waƙar da ke cikin Energy, a 1990, kuma shekara da shekaru suna kiran 'yan kallo su hau dandamali su karɓi kayan kiɗa su buga ta. A 1997, lokacin da ska punk ke tashe a rediyon Amurka, an haɗa faifai sukutum na waƙoƙin Operation Ivy a bakin wasu ƙungiyoyi, Reel Big Fish suka ɗauki "Unity". Wanda ya ji Wolves sha'awa yake yi, wanda ya ji Energy kuwa cewa yake ai ni ma zan iya, ya je ya tara abokai uku. Su kansu Rancid ba su ɓoye tushen ba: "Journey to the End of the East Bay" da ke cikin Wolves labarin tashi da watsewar Operation Ivy ne.

Game da wanda za ka fara da shi, idan kunnenka ya saba da rege, fara da Wolves, zai fi maka sauƙin haɗiya. Bayan kwana biyu sai ka koma Energy. Ka nemi bugun CD na 1991 mai waƙa 27, domin an haɗa masa da Hectic, ƙaramin faifansu na 1988, kuma ka fara da "Sound System".