Na ajiye kwamfutar tebur, na koma aiki da kwamfutar hannu: abin da na gani

Tun shekarar 2010 da kamfanin Apple ya fito da iPad ake muhawara a kan ko kwamfutar hannu, wato irin wannan na'ura mai kama da allo da ake sarrafawa ta hanyar taɓa fuskarta, za ta iya maye gurbin kwamfutar tebur. A cikin shekarar ne Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya kwatanta manyan kwamfutoci da motocin ɗaukar kaya, yana nufin ba za su ɓace ba, amma masu buƙatarsu za su ragu. Ni kuwa aikina ya ƙunshi rubuta rahotanni, da duba takardun da wasu suka rubuta, da haɗa jadawalin lissafi, don haka na sayi kwamfutar hannu mai fuska inci 11 tare da madannai da alƙalaminta, na rufe ta tebur na wasu watanni domin in ga iyakar inda za ta kai ni.

A wajen karatu da gyaran takarda ba ni da abin cewa sai yabo. Idan aka turo mini rahoto mai shafuka masu yawa, sai in cire madannan, in riƙe na'urar kamar littafi, in zagaye sakin layin da ya karkace da alƙalami, in rubuta gyarana a gefen shafi da hannuna, sannan in mayar wa mai shi ba tare da na kusanci firinta ba. Da kyamararta nake ɗaukar hoton takarda in mayar da ita fayil, da alƙalamin kuma nake sa hannu. Tana farkawa da zarar an taɓa ta, ba ta ƙara, kuma batirinta yana kai ni yamma idan karatu da rubutu ne kawai a gabana. Taron bidiyo ma ya fi mini sauƙi a kanta. A waɗannan ayyuka ta zarce kwamfutar tebur nesa ba kusa ba.

Ta fuskar ƙarfi ma, kamfanoni sun cike giɓi mai yawa. Samsung ya fito da tsarin DeX a 2017, wanda yake ba mutum damar jona wayarsa da babbar fuska ya yi aiki da tagogi kamar a kwamfuta. A 2020 iPad ta fara aiki da linzami yadda ya kamata, a 2021 kuma aka sa wa iPad Pro furosesa M1, wato guntun da yake sarrafa ayyukan na'urar, irin wanda yake cikin wasu kwamfutocin Mac na Apple. Saboda haka duk wanda ya ce kwamfutar hannu ta yau ba ta da ƙarfi, bai riƙe ta zamani ba.

Inda na fara shan wahala shi ne ƙarshen wata, lokacin haɗa lissafi. Wannan aiki yana buƙatar in buɗe abubuwa uku a lokaci guda: jadawalin, da hotunan rasiɗai, da wasiƙar da ta zo da bayanin kuɗin. A fuska mai inci 24 ina jera su gefe da gefe, idona yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan, hannuna bai bar madannai ba. A inci 11 kuwa, da zarar na raba fuskar gida biyu sai jadawalin ya tsuke, ginshiƙai kaɗan ne suke bayyana, na ukun kuma dole ya ɓuya a baya, ta yadda sai na haddace adadi, na juya, na rubuta, na sake juyawa in tabbatar. A irin wannan kai-komo ne kuskure yake shiga lissafi. Ƙari a kan haka, manhajar jadawalin da ke kan na'urar ƙanwar ta tebur ce: sunansu ɗaya, kamanninsu ɗaya, amma an rage mata abubuwa, ciki har da ƙananan umarnin da na tsara domin su riƙa maimaita mini wasu ayyuka da kansu. Fayil ɗin yana buɗewa lafiya, umarnin ne ba ya tashi. Akwai kuma ranar da nake ɗora babban fayil a intanet, na koma wata manhaja in amsa saƙo, da na dawo na tarar aikin ya tsaya, domin babbar manhajar irin waɗannan na'urori takan dakatar da abin da ba ya gaban mutum saboda tattalin batir. Tsari ne mai ma'ana ga waya, amma cikas ne ga mai aikin ofis.

Jiki ma yana da nasa hukuncin. Masana lafiyar zaman aiki suna ba da shawarar saman fuskar kwamfuta ya yi daidai da tsayin ido ko ƙasa kaɗan, ita kuwa kwamfutar hannu idan tana jingine da madannanta a kan tebur, tilas mutum ya sunkuya mata. Bayan doguwar rana wuyana yakan ƙage. Maganin da na samu shi ne ƙarin babbar fuska, da linzami, da madannai masu faɗi, da mahaɗar USB-C da za ta ɗauki waɗannan duka tare da filas, kuma a lokacin da na gama jona su, abin da ke gabana ya daina zama na'urar da ake ɗauka a tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda kuma ba a cika faɗa wa mai saye ba, shi ne tsawon rai. Kwamfutar tebur ana buɗe ta, a ƙara mata ƙwaƙwalwa, a sauya ma'adanarta, a share ƙurar fankarta, ta ci gaba da aiki shekaru. A yawancin kwamfutocin hannu ƙwaƙwalwa da ma'adana a like suke da allon ciki, batirin kuma a manne yake, alhali batirin litiyom yana raguwa da yawan caji. Yawancinsu ba su da fanka, shi ya sa idan aiki mai nauyi ya daɗe, kamar tace dogon bidiyo, sukan rage gudu da kansu domin kada su yi zafi fiye da kima.

Wayar hannu ba ta buƙatar dogon bayani a nan, domin saƙo, biyan kuɗi da duba wasiƙu ta riga ta karɓe su, amma ban iya rubuta rahoto mai shafi goma da manyan yatsu biyu ba. Su kuma irin Surface Pro na Microsoft, masu ɗauke da cikakkiyar Windows, sun fi kusa da kwamfutar tafi-da-gidanka da aka cire wa madannai.

Ga ɗalibi mai karatu da ɗaukar darasi, ko mai zane, ko wanda aikinsa yake bin abu ɗaya bayan ɗaya, ina ganin kwamfutar hannu ta wadatar. Wanda kuwa yake tunanin sayar da ta teburinsa, shawarata ita ce ya ɗauki aiki mafi wuya da yake yi a wata, ya gwada shi daga farko har ƙarshe a kan irin na'urar da yake son saye, da ainihin fayilolinsa, kafin ya rabu da tsohuwar.