Wane tsohon fim ɗin barkwanci ne ya cancanci gurbi a memori ɗinka?

Hutun da ya wuce yaran yayana suka cika mana gida, na ce bari in je wajen masu tura fina-finai in cika memori da irin waɗanda muka sha dariya da su muna yara, a raina ina cewa yau yaran nan za su ga ainihin barkwanci ba irin na TikTok ba. To ashe ni zan sha mamaki. Wasu fina-finan har yanzu suna nan da ƙarfinsu, wasu kuma ni kaɗai nake ƙyaƙyatawa yaran sun zuba min ido. Shi ya sa na ce kafin wani ya kashe kuɗin turi ko ya ƙona datarsa bari in faɗi abin da na gani.

Wanda bai ba ni kunya ba shi ne Mr Bean. Rowan Atkinson ya fara shirin a Ingila ranar 1 ga Janairun 1990, kuma duk sunan da ya yi kashi 15 ne kacal, galibinsu ba su kai rabin awa ba, wato ko a ƙaramin memori ba zai ci maka waje ba. Mutumin kusan ba ya magana, fuska ce da jiki kawai, shi ya sa ba ruwanka da jin Turanci. A kashin farko akwai inda ya shiga ɗakin jarrabawa da tulin biro yana ta miƙa wuya yana satar amsa, daga baya ya gano takardar da ya yi wa shiri tana cikin ambulan ɗin bai duba ba, lokaci kuma ya ƙare. Wallahi ƙaramin cikin yaran da ke aji uku sai da ya sulale daga kan kujera don dariya, don shi ma ya san tashin hankalin jarrabawa. Amma a kula, akwai na katun da aka fara 2002, mai turi zai iya haɗa maka shi a matsayin Mr Bean, ka ce masa na mutum kake so. Dogayen fina-finansa biyu na 1997 da 2007 ba laifi amma ba su kai gajerun ba a wajena.

Charlie Chaplin kuma shi ne abin mamakin, don fim ɗinsa The Gold Rush na 1925 ne, wajen shekara ɗari kenan. Baƙi da fari, ba magana sai kiɗa, da na kunna sai da babbar ta ce "Baffa wannan talabijin ɗin ta lalace ne?" Minti goma na farko sun yi ta mita, sai aka zo wajen da yunwa ta ci ƙarfinsu a cikin ƙanƙara ya dafa takalminsa ya zuba a faranti, ya ɗau wuƙa da cokali mai yatsu yana ci a natse kamar wani babban mutum a walima, yana tsotse ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Daga nan ba wanda ya sake cewa a canza. Haka Modern Times na 1936, inda ɗaure noti a masana'anta ya zame masa jiki har an tashi aiki hannunsa bai daina murɗawa ba. Yunwa da talauci da ƙoƙarin rufin asiri a gaban mutane ba sa tsufa, abin da ya riƙe Chaplin kenan. Sai dai fa yana buƙatar haƙuri, idan masu kallon irin waɗanda ba sa iya ajiye waya ne, ka fara musu da Mr Bean tukuna.

Yanzu namu na gida, nan ne maganar take da tsawo. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu a watan Disambar 2014, kuma har gobe ba a yi wanda ya maye gurbinsa a camama ba, wannan ba gardama. Amma fina-finansa kashi biyu ne kuma dole ka san wanda kake karɓa. Akwai na yayi, waɗanda aka gina kan abin da ake tashensa a lokacin, kamar Ibro Awilo da ya fito lokacin da kiɗan Awilo Longomba na Kongo ya cika gari. Mu da muka ga zamanin da mun ga shigar da rawar sai dariya, yaran yanzu kuwa ba su san waye Awilo ba, to me za su yi wa dariya? Sai ka koma kana tsayar da fim kana bayani, barkwanci kuwa da an fara yi masa sharhi ya mutu. Sannan akwai ɗaya kashin, na zaman gida da ƙauye, rigimar miji da mata kan cefane, rowa, kwaɗayi, cin bashi da ɓuya, cika baki sannan a ruga da gudu in ta yi zafi. Waɗannan suna nan daram, don ko yau ka leƙa unguwarku za ka samu mai irin halin. Su za ka nema.

Wata matsalar ita ce sauti. Chaplin ko ka kashe murya gaba ɗaya za ka yi dariya, amma Ibro rabin abin a bakinsa yake, yadda yake jan kalma da baƙar maganar da yake jefawa, kuma yawancin kwafin da ke yawo daga tsohon kaset ko faifan CD aka kwaso su, wani sai shuuu kake ji kamar ana ruwa a kan kwano. Ni na karɓi guda uku ban gwada ba, na dawo gida biyu ba sa jiyuwa sam. Ka sa mai shagon ya kunna maka a kwamfutarsa, ya ja zuwa tsakiya ba farko kawai ba, ka saurara da kunnenka kafin ya tura.

Na so a ce ana samun cikakkun wasannin su Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero na gidan talabijin cikin sauƙi, amma galibi guntaye ne ake gani a intanet, in ka ci karo da mai kyau kar ka bari ya wuce ka.

The Gods Must Be Crazy na 1980, wanda mu dai "fim ɗin kwalba" muke ce masa, shi ne ya raba min hankali biyu. Wajen motar nan marar birki da mutumin yake fama da ita a bakin ƙofar shinge har yanzu yana kashe ni da dariya, yara ma sun so shi sosai. Amma da na girma sai na lura da muryar mai ba da labarin, yadda yake kwatanta mutanen Kalahari kamar wasu yaran da ba su san komai na duniya ba, ga shi kuma a Afirka ta Kudu aka shirya shi lokacin mulkin wariyar launin fata. Ban ce kar a karɓa ba, na ce dai dariyar ba za ta zo maka wasai kamar da ba.

Su Aki da Pawpaw na farkon shekarun 2000 fuskokinsu sun fi fina-finan nasu tsawon rai, stikarsu ta cika WhatsApp, amma ka zauna kallon fim ɗin gaba ɗaya sai ka ga ana jan wuri ɗaya minti goma ana ihu. Guntaye sun ishe ka. Na Indiya irin na su Johnny Lever kuma ya danganta da fassarar, in an samu mai fassarar Hausa mai gishiri wani lokacin har ya fi na asalin daɗi, in aka samu marar gishiri awa uku ce ta tafi a banza, ga cin waje a memori. Na Amurka masu dogaro da zance kamar Coming to America na 1988 sai mai jin Turanci sosai, kuma akwai wuraren da ba za ka so a nuno kana zaune da yara ko surukai ba. Home Alone na 1990 ya fi aminci, ɓarayi biyu na shan wuya a hannun yaro, ba abin da za ka yi saurin kai hannu rimot dominsa.

Da na koma shagon na ce masa Malam goge min rabin nan, na bar Mr Bean duka, Chaplin biyu, fim ɗin kwalba kashi na ɗaya kawai don na biyun na 1989 bai kai shi ba, sai na Ibro huɗu na rigimar gida da na saurara da kunnena. Ibro Awilo kam na mayar da shi wayata, in yara sun yi barci ina kallon abina ni kaɗai.