Tsohon kwandon furanni na Japan: saƙar ta biya kuɗinta

Kwandon da na saya ta intanet a wajen wani dillalin tsofaffin kaya na birnin Kyoto na gora ne, irin wanda Japanawa ke kira hanakago, suke jera furanni a ciki. Tsayinsa bai kai kamu ɗaya ba, kuma in ka ɗaga shi sai ka yi mamakin rashin nauyinsa.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne gorar kanta. Susudake ce, wadda ta shekara aru-aru a rufin gidan jinka na ƙauye, hayaƙin murhu na dukanta har ta yi ja mai duhu. Inda igiya ta taɓa ɗaure ta kuwa hayaƙi bai kai ba, sai wurin ya fita da haske. Masaƙin bai ɓoye waɗannan tabo ba, ya jera su a gaban kwandon da gangan. Ga ɗaurin mariƙin, ƙanana-ƙananan ƙulli ne a tsare, babu wanda ya saki. Reshe ɗaya na fure ya ishe shi. In ka cika shi da furanni, ka rufe saƙar da ka biya kuɗi dominta.

Dillalin ya rubuta cewa aikin ƙarshen zamanin Meiji ne, wato zamanin mulkin Sarki Meiji na Japan, wanda ya ƙare a 1912. Ban ɗauki wannan da nauyi ba, domin babu sunan masaƙi a gindinsa, babu kuma akwatin katako mai rubutu da ke rakiyar manyan kwanduna. A wannan harka suna ne ke ɗaga farashi. Hayakawa Shokosai na farko, mutumin Osaka da ya rasu a 1897, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara sassaƙa sunansa a kwando. Bayansa akwai gidan Tanabe Chikuunsai na birnin Sakai da ke kusa da Osaka, da Iizuka Rokansai, da Shono Shounsai wanda gwamnatin Japan ta ba babbar karramawar masu sana'ar hannu a 1967, na farko cikin masu aikin gora. Aikin waɗannan ya fi ƙarfin aljihuna. Kuma duhun launi ba shaidar tsufa ba ne, domin masaƙa da yawa na rina gora tun tana sabuwa.

Inda raina ya ɓaci shi ne bututun gora na zuba ruwa da ke cikin kwandon. Ya iso da tsaga, hotunan dillalin ba su nuna ta ba, ruwa kuwa yana ɗiga. Na maye gurbinsa da siririyar kwalba.

Wanda ke Arewa ya kula da hunturu, bushewar iska na tsaga tsohuwar gora. Nawa ba ya ganin rana, ba na wanke shi, burushi mai laushi kawai nake bi da shi. Kafin ka biya, nemi hoton gindin kwandon, da mariƙin, da cikin bututun.