Kan Tirela Ƙirar Gilaida na Hannu: Yadda Na Same Shi a Hanyar Jos

Akwai wani nau'in kan tirela da ake shigowa da shi daga Amurka wanda dillalai ke kira gilaida, kuma da yawa daga masu saye ba su san cewa shekarar da ke rubuce a takardarsa ta jikin motar ce kaɗai ba. Yadda aka riƙa yin sa shi ne, kamfani irin Freightliner ko Peterbilt ko Kenworth ya ƙera sabon shasi da ɗakin direba da ƙafar gaba, ya sayar babu inji, babu giya, babu ƙafafun baya, sannan wani gareji ya samo waɗannan daga tsohuwar mota, ya sabunta su, ya ɗora. Wanda na saya ta hannun wani dillali a Abuja Freightliner Columbia ne mai injin Detroit Series 60 na lita 12.7 da giyar Eaton Fuller, kuma aikinsa ɗaukar dankalin Turawa da kayan gwari daga Jos zuwa Kudu.

Abin da ya haɓaka wannan sana'a a Amurka shi ne dokar hayaƙi. Tun daga ƙarshen 2002 injuna suka fara zuwa da na'urar mayar da hayaƙi cikin inji, a 2007 aka ƙara matatar toka a salansa, a 2010 kuma aka ƙara tankin ruwan yuriya da ake fesawa cikin hayaƙin. Masu motoci da yawa suka ga gyara ya yi musu tsada, sai suka koma neman sabon jiki da tsohon inji wanda aka ƙera kafin waɗannan dokoki, har kamfanin Fitzgerald na jihar Tennessee ya shahara da wannan aiki. Daga baya hukumar kare muhalli ta ƙasar ta taƙaita wa ƙananan masu harhaɗawa adadin da za su yi zuwa 300 a shekara daga 2018, saboda ƙiyasinta ya nuna hayaƙin irin waɗannan motoci ya ninka na sababbi sau da yawa. Wannan aibi gaskiya ne, kuma duk wanda ya tsaya bayan motata tana hawa tudu da cikakken lodi zai gani da idonsa.

Sai dai abin da ya zama laifi a can shi ne ya ja ra'ayina a nan. Man dizal ɗin da direba zai samu a bakin hanya ba kullum yake da tsabta ba, kuma matatar toka ba ta jure mai maras kyau. Idan ta toshe, kwamfuta takan rage wa inji ƙarfi a tsakiyar daji. Injin Series 60 na kafin 2002 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori. Yana da kwamfutarsa da ke sarrafa nozul, amma mai sauƙi ce, kuma bakaniken da ya saba da manyan injuna yana gane kansa cikin ɗan lokaci. A Hawan Kibo ne na fi yaba masa, ba wajen hawa kaɗai ba, har wajen gangara, domin birkin injinsa yana riƙe motar sosai, direba ba ya dogara da birkin ƙafa har ya ɗauki zafi. Duk wanda ya san yawan tirelolin da suka kife a wannan gangare zai san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda na ga gazawa shi ne wajen takardu. Dillalin ya gaya mini an sabunta injin gaba ɗaya, amma bai iya nuna rasiɗin garejin da ya yi aikin ba, kuma mitar tafiya da ke gaban direba tana ƙirga abin da sabon jikin ya yi ne kawai, da mil ba da kilomita ba, ba ta san tsawon rayuwar injin kafin a ɗora shi ba. Da muka buɗe, sai muka tarar an sauya ring da fistin, amma turbo da famfon ruwa tsofaffi ne, kuma wayoyin da suka haɗa kwamfutar tsohon injin da sabon ɗakin direba an yi musu haɗin gaggawa, wanda ya riƙa kunna fitilar gargaɗi har sai da mai aikin waya ya sake su. Ingancin gilaida yana hannun wanda ya harhaɗa shi, kuma garejoji ba ɗaya suke ba.

Kayan gyara ma sai an yi haƙuri. A kasuwar kayan gyara ta Dilimi da ke Jos za a fi saurin samun na Mack da DAF da MAN da Howo, na Detroit kuwa sau da yawa sai an aika Legas, don haka na ajiye matatun mai da bel da nozul a gida tun kafin buƙata ta taso. Wutar motar bolt 12 ce, ba 24 irin ta motocin Turai ba, kuma ya kamata a sanar da duk yaron gareji wannan kafin ya jona mata baturi. Jikinta kuma an yi shi ne domin lafiyayyen titi. Robar gaba da tankunan mai sun yi ƙasa, sai da muka cire wasu robobin gefe kafin ta iya shiga hanyoyin gona na wajen Bokkos da Mangu.

Ga mai niyyar saye, shawarata ita ce ya karanta lambar injin a jikin ƙarfen da kansa, ya tabbatar da shekarar ƙirarsa, ya sa a jona kwamfuta a karanta awannin da ya yi yana aiki, sannan ya duba cewa lambar shasi da ta inji sun dace da abin da ke takardar kwastam. Idan akwai shaidar sabuntawa daga garejin da aka sani, motar ta cancanci kuɗinta, musamman ga mai dogon zango. Idan babu, a yi cinikinta a kan farashin tsohon inji, komai ƙyallin fentin da ke jikinta.