Ƙuri'ar masu kallo ko hukuncin alƙalai?

A majalisarmu ta Ringim an tafka musu kan gasar waƙa ta Eurovision, wadda ƙasashen Turai ke yi, inda masu kallo ke zaɓe ta waya, alƙalan kowace ƙasa kuma ke ba da nasu makin: wa ya fi adalci, masu kallo ko alƙalai?

Masu kallo zuciya suke bi. A 2022, ana tsaka da yaƙin Rasha da Yukiren, suka zuba wa Yukiren maki 439 ta lashe, alhali Birtaniya alƙalai suka fifita. Tausayin yana da dalili, amma an tauye mawaƙin da ya sha wahalar shiri. Girka da Saifurus kuwa sun saba musayar maki 12, wato maki mafi girma, kamar gudummawar biki.

Alƙalan ma akwai nasu tabon: a 2022 ɗin aka soke makin alƙalan ƙasashe 6 bisa zargin haɗa baki. Duk da haka su na fi amincewa da su, domin an san sunayensu, ana iya tuhumarsu. Miliyoyin wayoyi wa zai tuhuma?