Na haɗa katun na waƙa da AI a Garwa, ga yadda muka kwashe da shi

Sati biyar na ɗauka kan wani ɗan fim na minti 3, katun ne, irin wanda yaranmu a nan suke cewa desen anime, labarin wata yarinya da take kai wa babanta abinci bakin kogin Binuwai sai ta ƙulla abota da dorina. Ni asali aikina montaj, wato yanka da haɗa bidiyon biki da suna, a unguwar Yelwa, ban iya zane ba ko na kaza, waƙa kuwa ko a banɗaki ba na yi, to da na ga mutane suna ta sako abubuwan da suka haɗa da AI, ko IA kamar yadda 'yan lakwal ɗinmu ke faɗa, sai na ce bari nima in taɓa in ji.

Kayan aikin suna da yawa yanzu. Ɓangaren waƙa akwai irinsu Suno da Udio, hoto akwai Midjourney, bidiyo kuma Runway da Kling na kamfanin Kuaishou na Sin wanda ya fito 2024, sai Veo 3 da Google ta fitar a watan Mayu 2025 mai haɗo hoto da sauti tare. Na zaɓi ɗaya ta waƙa ɗaya ta bidiyo na biya kuɗin wata, sauran na tattara a CapCut wanda dama da shi nake cin abinci. Da na ce ma Inna na biya dala 10 sai ta ce ai da araha, ta ɗauka dalarmu ce ta sefa biyar-biyar, da na ce mata ta Amurka ce wajen jaka 6 kenan sai ta yi salati ta ce kai ɗan nan kuɗin cefanen kwana nawa ka ba ma aljanu. Biyan ma sai da na nemi wani abokina mai katin banki na tura masa ta waya shi ya biya mini.

Waƙar ce ta fi ba ni mamaki kuma ita ta fi ɓata mini rai. Ka liƙa baitocinka, ka rubuta irin kiɗan da kake so, kafin shayinka ya huce manhajar ta ba ka waƙa biyu cikakku har da amshi. Wallahi karon farko tsigar jikina ta tashi. Amma da na sa kunne da kyau sai na ji ashe Hausar ba Hausa ba ce. Harufanmu masu lanƙwasa kwata-kwata ba ta san da zamansu ba, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, akwai inda na rubuta "baƙin gajimare" ta rera "bakin gajimare" kamar gajimaren zai yi magana. Wanda ya fi kashe ni shi ne karin sauti, baitin yana cewa yarinya ta zauna ƙarƙashin kuka, wato itacen, muryar ta ja kalmar ta koma kukan hawaye, kuma duk Bahaushe da ya ji zai gane ko bai san dalili ba, don mu a harshenmu hawa da saukar murya shi ne ma'anar, shi ya sa ma kalangu yake iya kiran sunan mutum. Ita kuwa manhajar waƙarta kawai take bi, kalma ta faɗa duk inda ta faɗa.

Na ɗan samu wata dabara, na riƙa rubuta kalmomin da rubutun Faransanci, "ci" in mayar da shi "tchi", "u" in mayar "ou", hakan ya gyara wasu wurare sosai. Kalangu dai na roƙa har na gaji, kullum sai ta ba ni wata ganga irin ta ƙasashen waje ko ta zarce kiɗan Indiya, gurmi kuwa ta ba ni jita. A ƙarshe na ɗauki kiɗan zalla ba murya, na kira ɗiyar yayata mai shekara 11 ta hau kai, muka yi rikodin da waya cikin ɗaki da daddare mun rufe taga da bargo sabida ƙarar moto. Sau huɗu kawai ta maimaita. Ta ce Kawu ai wannan matar ta cikin ordinater ba 'yar garin nan ba ce.

Hoto kuma wani babi ne. Manhajar bidiyon tana ba da guntu-guntu ne na daƙiƙa 5 ko 10, kenan fim na minti 3 yana son wajen guntu 36 in ka bi ta biyar-biyar, ni kuma sai da na fitar da fiye da ɗari kafin na tsinci masu amfani, kuma kowane gwaji kredi yake ci daga abin da ka biya, ko ya yi kyau ko bai yi ba. In ka ce mata ƙauyen Afirka sai ta kawo maka raƙumin dawa da mutane masu jan mayafi da mashi, ni da nake neman gadar Binuwai da kwale-kwalen masunta da inuwar darbejiya. Abun da ya cece ni shi ne na fita da yamma na ɗauko hotunan bakin kogin da kaina, na ɗora mata na ce ta mayar da su zane, daga nan garin ya fara kama da namu. Ruwan kam ta iya shi, yadda rana take faɗuwa a kan kogi da dorina tana fito da kunnuwa tana huci, gaskiya ko an ba ni shekara ba zan zana haka ba, a nan na sara mata.

Yarinyar ce matsala. A guntu na farko ɗankwalinta shuɗi, na biyu ya koma ja, na uku babu shi gaba ɗaya ta fito da gashi har gadon baya kamar 'yar fim ɗin Indiya, wani wurin yatsunta shida, kwanon abincin da ke kanta ma wani lokaci ya narke ya shige cikin kan. Sai da na tsaya kan hoto ɗaya nata na riƙa farawa da shi kowane guntu sannan abun ya ɗan daidaita, duk da haka wanda ya lura zai ga fuskarta ta canza sau biyu. Motsin baki bai bi waƙar ba ko kaɗan, sai na yi wayon masu montaj, duk inda ake rera baiti in nuno ta ta baya ko daga nesa ko in yanka zuwa kan dorina.

Ga kuma namu na gida, watan Afrilu ne zafi ya haura 40, kuran, wato wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya, rezo na intanet ya fi kyau bayan ƙarfe ɗayan dare, to haka na koma mujiya.

Wanda zai gwada ya karanta sharaɗi tukun, a Suno misali waƙar da ka haɗa da tsarin kyauta ba a yarda ka yi kasuwanci da ita ba sai wadda ka haɗa a tsarin biya, kuma tsarin kyauta na bidiyo yawanci da tambarinsu a jiki yake fitowa. In maki zan bayar, bango da ruwa da dabbobi 8 cikin 10, mutane 5, kiɗa 6, rera Hausa 2 kuma ita ma don kara.

Na soke biyan wata na waƙar, na bar na bidiyon wata ɗaya sabida wani ango ya ce yana son a yi masa katun na gayyatar biki. Fim ɗin kuwa ranar Juma'a na kunna ma yaran gida a tsakar gida, sau shida suka sa na maimaita, ba wanda ya kula da ɗankwalin, ƙaramin cikinsu ne kawai ya ce dorinar ba ta da haƙora irin na wadda suka gani a ƙasan gada.