Gargaɗi: Hodar jan kumatu ba ta ƙara jini

'Yan'uwa mata, a yi hattara da masu tallar hodar jan kumatu a WhatsApp da TikTok da sunan "hodar ƙarin jini". Suna cewa akwai ayon a cikinta, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke buƙata wajen haɗa jini, wai idan aka shafa yakan ratsa fata ya shiga jini. Ƙarya ce, kuma mai haɗari.

Inda suka samu abin fakewa shi ne jikin kwalin. Yawancin hodar kumatu akwai ayon oksaid a cikinta, za ki ga an rubuta CI 77491, ko 77492, ko 77499. Launi ne kawai, ja da rawaya da baƙi, dangin tsatsar ƙarfe. Ba ya narkewa a ruwa, ba ya ratsa fata. A kan fuska yake zama har ki wanke. Jiki kuwa ta farkon ƙaramin hanji yake tsotsar ayon, daga abin da aka ci ko aka sha.

Salon nasu sananne ne: hoton mace fuska a koɗe, sai wani hoton kumatu jajur, a ce sakamakon mako biyu ne. Su ninka farashi, su ce sai an tura kuɗi kafin a kawo kaya. Wani lokacin ba kaya, ba lambar wayar. Idan ma ya zo, ba lambar rajistar NAFDAC, ba ranar lalacewa, kuma kayan kwalliyar jabu kan zo da dalma a ciki.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne mai juna biyu da za ta dogara da wannan hoda. Fuska ta yi kyau, amma jiri da haki da bugun zuciya da kasala suna nan, jinin yana ƙara yin ƙasa har ranar haihuwa. Ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi, ki dubi tafin hannunki. In sun yi fari, ki je a yi miki gwajin yawan jini, wato PCV ko himogulobin. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, himogulobin ƙasa da 12 ga mace, ko ƙasa da 11 ga mai ciki (10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki), ƙarancin jini ne.

Hukumar ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400 kullum, irin ƙwayoyin da ake bayarwa a wurin awo. Sukan mayar da bayan gida baƙi, su kawo taurin ciki, wannan ba dalilin dainawa ba ne. Kada a kora su da shayi ko madara, a bar tazarar awa biyu, domin suna hana jiki tsotsa. Lemun zaƙi ko gwaiba ne ke taimakawa. A ɓoye ƙwayoyin daga yara, yawansu guba ne.

A abinci, ayon da ke cikin jan nama da kifi ya fi saurin shiga jiki, sai wake, zogale da alayyahu. Amma a nemi musabbabin: yawan jinin al'ada, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro. Mai sikila kuma kada ta sha ayon sai likita ya gwada ya ce ta sha.

Wadda ta riga ta tura kuɗi ta adana rasit da hoton hirarsu, ta sanar da bankinta nan take, sannan ta kai ƙorafi NAFDAC ko FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya.